Wata Tara a Bakin Tekun Iskandariya

Ni mutumin tudu ne. Kafin wannan tafiya, ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a gabansa shi ne na madatsa, wanda in ka ƙura ido za ka hango masu wanki a ɗaya gaɓar. Don haka da takardar gurbin ƙaro karatu a Jami'ar Iskandariya da ke Masar ta iso, abin da ya fara faɗo mini a rai ɗaki ne mai taga tana kallon teku, karatun ma daga baya na tuna da shi. Ranar da na je sallama, mahaifiyata ba ta tambaye ni abinci ko sanyi ba. Cewa ta yi, "Na ji an ce garin a bakin ruwa yake. To ka ji ni da kyau, ruwa ba sa'an kwando ba ne." Na ce, "To Inna, in sha Allahu." A zuci kuwa na riga na kama ɗakin.

Jirginmu ya sauka Alƙahira da asuba, a ƙarshen Satumbar 2023. Jami'in shige da fice ya juya fasfona, ya nemi takardar makaranta da katin rigakafin shawara, ya dube ni ya dubi hoton, ya buga hatimi. Na kwana ɗaya a wani ƙaramin masauki kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ramsis, kwanan da babu abin faɗa a cikinsa sai ƙarar hon. Da safe aka wuce da akwatina ta na'urar bincike a ƙofar tasha, na je yankar tikiti, nan na tarar baƙo da ɗan ƙasa ba kuɗi ɗaya suke biya ba. Na biya ina ƙunƙuni.

Wannan layin dogo shi ne na farko a nahiyar Afirka, an gama haɗa Alƙahira da Iskandariya da shi a 1856, tsawonsa ya ɗan haura kilomita 200. Tafiyar ba ta kai awa uku ba. Ina tsammanin hamada zan gani, sai ga kore shar tun daga fitarmu gari: masara, auduga, ɓauna tana kwance a bakin magudana, gidajen jan bulo da ƙarafan rodi a tsaye a samansu suna jiran a ɗora wani bene. Muka wuce Banha, muka tsaya Ɗanɗa, muka wuce Damanhur. Wani dattijo da ke kusa da ni ya tambayi unguwar da zan sauka, da na ce Sidi Bishir sai ya ce kada in yarda jirgi ya kai ni tashar ƙarshe, in sauka a Sidi Gabir. Shi ne alherin farko da aka yi mini a garin, tun ban taka ƙasarsa ba.

Tasin Iskandariya rawaya da baƙi ne. Direban ya kutsa wasu 'yan lunguna tsakanin dogayen benaye, ya sha kwana, kawai sai na ga duniya ta ƙare. Shuɗi har iyakar gani, babu ɗaya gaɓar, babu itace, babu komai. Ban san lokacin da na ce "Subhanallahi" da ƙarfi ba. Direba ya yi dariya ya ce, "Yau ka fara gani ke nan, ya basha?" Haka suke kiran kowa, basha, ko da aljihunka babu ko sisi. Hanyar da muka hau ita ce Kurnish, titin da ya bi gaɓar teku tun daga ganuwar Ƙaitbai a yamma har fadar Muntaza a gabas, fiye da kilomita 15.

Neman gida a can ta hannun dillali ake yi, simsar suke ce masa, amma mai iko na gaskiya shi ne bawwab, mai gadin da ke zaune a gindin kowane bene da iyalinsa. Shi ya san ɗakin da babu kowa, shi ya san mai gida na ƙwarai, shi ke sayo wa matan bene burodi, kuma shi zai faɗa wa kowa ƙarfe nawa ka dawo jiya. A wurin dillali na koyi kalmomi biyu da suka mallaki hayar garin: bahari da ƙibli. Ɗaki bahari shi ne mai fuskantar arewa, inda iskar teku ke shigowa. Ƙibli yana kallon kudu, ya juya wa ruwa baya. Na ce ni bahari nake so, kuma sahun farko, wanda babu wani gini tsakanina da ruwa. Dillalin bai yi gardama ba, ya ma yi murmushi, murmushin da sai daga baya na fahimce shi. Muka daidaita a kan ɗaki da falo da kayansu a hawa na tara, fam 7,000 na kuɗin Masar a wata, da ajiyar wata guda, da ladan dillali. Na sa hannu a takardar ban tsaya karanta ta da kyau ba, idona yana kan baranda.

Bawwab ɗin benenmu mutumin kudancin Masar ne, dogo, kullum cikin jallabiya da rawani. Kowa na ce masa Ammu, wato baffa, ni ma na bi sahu. Yana taya ni shigar da kaya ya ga kwadon da na rufe akwatina da shi, ya taɓa shi da yatsa ya ce, "Ɗana, duk wani ƙarfe da ka zo da shi ka shafa masa mai. Nan gishiri ake shaƙa." Na ce to, irin "to" ɗin da na ce wa Inna.

Makonnin farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. In na dawo sallar asuba sai in zauna a baranda da shayi, in kalli masu fatsa sun jeru a kan manyan tubalan kankare da aka zuba a gaɓa don karya ƙarfin igiyar ruwa. Na cika wa 'yan uwa waya da hotuna har wani ƙanena ya ce in ba karatu na je ba in faɗa musu gaskiya.

Garin bai yi mini wuyar ganewa ba, domin dogo ne siriri, kamar an shimfiɗa rawani a bakin ruwa. Teku a arewa, tafkin Maryut a kudu, mutane sama da miliyan biyar a matse a tsakani. In ka ɓata, nemi inda iska ke fitowa ka nufe ta, za ka faɗo Kurnish. A can kuma ƙananan bas-bas da suke kira mashru'u ba sa yankewa dare da rana. Ba a kiran sunan unguwa, da hannu ake yi wa direba alama, kowace unguwa da tata. Kuɗin mota kuwa daga baya ake miƙo shi hannu zuwa hannu har ya kai gaba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi, ban taɓa ganin ya yi ciwon kai ba. Abin da ya fi ba ni tsoro a garin gaba ɗaya tsallaka Kurnish ne. Motoci ba sa rage gudu don kowa. Akwai hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na masu tafiya a ƙafa, ni kam ko da nisa gara in taka in same su.

Makaranta tana Shaɗibi, kuma na fi son zuwa a taragon lantarki mai launin shuɗi da a lokacin ke tasowa daga Biktoriya zuwa tashar Ramal. Tun a 1863 aka buɗe wannan layi, da dawaki aka fara jan sa kafin a sa masa wuta a 1902, kuma wallahi in ka ji yadda yake nishi sai ka ce bai huta ba tun lokacin. Mai keke yana iya wuce shi. Amma a lokacin kuɗinsa 'yan fam ne ƙalilan, kuma wasu taragun masu hawa biyu ne, in ka samu sama sai ka riƙa leƙa barandar mutane kana ganin shanyarsu. A rana ta uku na yi abin kunya. Na zo a makare, na yi tsalle na faɗa taragon da ya fi kusa, na samu wuri na tsaya ina haki. Sai na ji shiru. Da na ɗaga kai, mata ne zalla, gaba da baya. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Ya ibni, nan na mata ne," cikin taushin murya irin na kaka. 'Yan mata suka rufe baki suna dariya. Tsakanin wannan tasha da ta gaba ba nisa, amma ni na ji kamar an yi shekara.

Ranakun Juma'a na ware wa yawo. Nakan yi sallah a masallacin Abul Abbas Almursi da ke unguwar Anfushi. Shehin mutumin Mursiya ne ta Andalus, almajirin Abul Hasan Shazali, ya rasu a Iskandariya a 1287. Abin da ya ba ni mamaki shi ne jin cewa ginin da ke tsaye yanzu, mai ƙubbobin nan masu zane kamar saƙa, wani ɗan Italiya ne mai suna Mario Rossi ya tsara shi, aka gama a shekarun 1940. 'Yan taku kaɗan daga nan sai masallacin Imam Busiri, mai ƙasidar Burda, inda kabarinsa yake. Na girma ina jin baitocin nan, ban taɓa kawo wa raina cewa mai su yana kwance a inda ake jin ƙarar igiyar ruwa da kukan tsuntsayen teku ba. Na daɗe a zaune a wurin.

Daga nan in ka miƙe ta bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa, inda kwale-kwalen masunta masu fenti kala-kala ke rawa a kan ruwa, za ka isa ganuwar da Sarki Ƙaitbai ya fara ginawa a 1477. A daidai wurin ne hasumiyar nan mai haska wa jirage hanya ta tsaya, wadda tsayinta ya haura mita 100, har girgizar ƙasa ta yi ta cin ta. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya zo a 1326 ya tarar gefe guda ya zube, da ya sake dawowa a 1349 ko ƙofarta bai iya kaiwa ba. Na hau saman ganuwar, iska ta kusa tafiya da hulata, na leƙa ƙasa inda ruwa ke dukan dutse ina tunanin sauran duwatsun hasumiyar suna nan kwance a ƙarƙashi. Garin da Iskandar Mai Girma ya kafa a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa, wani sashe nasa yana ƙarƙashin benaye, wani kuma kifi ne ke yawo a cikinsa.

Babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002 kuwa a ƙofar makarantarmu yake, shi ya zama gidana na biyu. Gini ne kamar faifai da aka jingina yana kallon teku, bangonsa na dutsen Aswan an sassaƙa masa haruffan rubuce-rubucen duniya iri-iri. Zauren karatun hawa-hawa ne kamar matakala, yana ɗaukar mutum 2,000. Sai dai in faɗi gaskiya, da sanyi ya shigo ba son ilimi kaɗai ke kai ni can ba.

Wajen tsakiyar Nuwamba, wata rana da yamma, Ammu ya tare ni a ƙofa ya ce in kwashe duk abin da ke baranda, in toshe ƙasan tagogi da tsumma, "nawwa tana tafe." Na ɗaga kai, sama tas. Nawwa ita ce guguwar hunturu mai zuwa da ruwan sama daga teku, kuma mutanen Iskandariya suna da jadawalinta kamar yadda manomi ya san taurarin damina. Kowace da sunanta da kwanakinta: Maknasa, wato tsintsiya, a Nuwamba, Ƙasim a farkon Disamba, Faida ƙarama da Faida babba, Giɗas da Karam a Janairu, har zuwa Awwa a ƙarshen Maris, wadda suke cewa daga ita babu wata. Takan yi gaba ko baya da 'yan kwanaki, amma tana zuwa.

Ban kwashe komai ba. Cikin dare na farka na ji kamar ana jifan tagar da tsakuwa. Ƙofar baranda tana kaɗawa, iska tana kuka ta kowace kafa, ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa dardumar falo har ƙafar gado. Kujerar robar da nake shan shayi a kanta ban sake ganin ta ba. Da gari ya waye na leƙa, tekun nan shuɗi ya koma ruwan toka, igiyar ruwa tana tsallake tubalan kankare tana watsuwa a kan titi, motoci suna ratsa ruwa kamar jirage. Wani maƙwabcina ya ce wannan wasa ne, in tambayi labarin Oktobar 2015, lokacin da ruwa ya shanye unguwanni, aka rasa rayuka, har gwamnan lardin ya ajiye aiki.

A nan na gane bambancin sanyi da sanyi. Namu busasshe ne, yana fasa leɓe da dunduniya, amma in ka shiga ɗaki ka ja bargo an gama, rana na fitowa kuma ka manta. Kuma mu da zafi muka san ruwan sama, ana ɗokinsa. A can ruwa da sanyi tare suke zuwa, sanyin kuma jiƙaƙƙe ne, yana cikin bango, yana cikin katifa, bargon kansa sai ka ji kamar ba a gama shanya shi ba. Wanki yakan kwana uku a igiya. Bangon da ke fuskantar teku ya yi baƙin tabo, fenti ya riƙa kumbura yana zubowa, takalmin fatar da na ajiye a ƙasan kabad ya yi furfura kore. Gishiri ya riƙa yin dutse a cikin gwangwani. Gilashin tagar da na biya kuɗi dominta kullum a dushe yake da feshin ruwan gishiri, in ka goge da safe kafin la'asar ya koma. Sai a lokacin na lura yawancin fitilun sahun farko a kashe suke duk hunturu. Masu su suna Alƙahira. 'Yan gari na asali, waɗanda na sani a makaranta da masallaci, kusan dukkansu layi biyu ko uku suke a bayan teku, inda wani bene ya tare musu iska. Murmushin dillali ke nan.

Abin da ya riƙe ni a watannin nan abinci ne. Da safe wake ful da man zaitun da burodin baladi mai zafi. Da dare hantar Iskandariya, yankakkiya siri-siri, a soya ta da tafarnuwa da koren barkono a cusa a dogon burodi. In ka ci uku kana tsaye a titin Khalid bin Walid sai ka ji sanyi ya ja da baya. Kifi kuwa a unguwar Bahari ake cin sa. Ba a kawo maka takardar zaɓi, kai za ka je gaban ƙanƙara ka nuna wanda kake so, a auna a kilo, a tambaye ka gashi ko suya. Kifin buri da aka birkiɗa a dusa aka gasa har bayansa ya ƙone, ka ɓare ɓawon ka tarar da tsoka fara tana tururi, ban ci kamarsa ba. Jatan lande sai da abokan karatu suka yi mini dariya sau biyu kafin na yarda na kai baki. Ƙananan dodon koɗin da suke zuƙa kuwa har na baro garin ban gwada ba. Ko a nan teku ke yanka farashi: in nawwa ta taso masunta ba sa fita, kifi ya yi tsada, in ta lafa ya wadata.

A ranar 6 ga Maris 2024 aka saki fam ɗin Masar kasuwa ta yanka masa farashi, dala ɗaya ta tashi daga wajen fam 31 ta doshi 50 a yini guda. Ni da kuɗina ke zuwa daga waje na ɗan samu sauƙi, amma na ga yadda fuskar Ammu ta canza in ya dawo cefane. Bayan 'yan kwanaki azumi ya kama. Duk da matsin, teburan buɗa-baki na sadaka sun cika lunguna, kuma in magariba ta riske ka a hanya sai samari sun tare motar sun cusa muku dabino da ruwa ta taga. Kurnish da ba ya shiru, a wannan mintunan sai ka ji numfashin teku kaɗai.

Da Afrilu ta shigo gari ya washe, bango ya bushe, na sayi sabuwar kujera na koma baranda. Ranar Shammun Nasim, bikin bazararsu da ya faɗo 6 ga Mayu, na bi jama'a zuwa lambun Muntaza, inda mai mulkin Masar na lokacin, Khedewi Abbas na biyu, ya gina fadarsa ta farko a 1892. Iyalai sun baje a kan ciyawa da dafaffen ƙwai mai launi da albasa mai lawashi da fasikh, kifin da aka jiƙa a gishiri ya daɗe har warinsa ke riga shi isowa. Wani magidanci ya rantse sai na ɗanɗana. Na ɗanɗana don rantsuwarsa. A ranar ce kuma na naɗe wando na shiga teku, iyakar gwiwa, na ji yashi yana zamewa daga ƙarƙashin ƙafata duk sanda ruwa ya koma, na tuna Inna na fito.

Ina cikin jin daɗin cewa wahala ta wuce, yanzu zan ci moriyar kuɗina, sai mai gida ya bugo waya yana tambayar ranar da zan ba da makulli. Na ce wane makulli? Ya ce in duba takarda. Na ɗauko na duba: ƙarshen Mayu. Na sauka wurin Ammu a fusace. Ya zuba mini shayi ya ce, "Ɗana, ai kowa ya sani. Hunturu na ɗalibai ne, bazara ta masu hutu." Da zafi ya kama, mutanen Alƙahira da na sauran larduna ke kwararowa shan iska, ɗakin da nake biya a wata sai a riƙa ba da shi da kwana, abin da mai gida zai samu a mako ya fi hayata ta wata. Wato ni aka ba wa gadin ɗakin a lokacin da babu mai so, har ina biya. Laifin wa? Da Larabci aka rubuta, kuma ina karanta Larabci.

Watan ƙarshe a Ibrahimiyya na yi shi, a ɗakin wani abokin karatu, hawa na biyu, ƙibli, tagarsa tana kallon bangon maƙwabta da igiyar shanyarsu. Wanki yana bushewa a yini. Da yamma mukan taka minti goma mu fita Kurnish, mu sayi gasasshiyar masara, mu nemi gurbi a kan katanga cikin dubban mutanen da suka zo daga nesa, har lema da kujerun haya sun rufe yashin ba a ganin sa. Wani lokaci in mashru'u ya bi da ni ta Sidi Bishir nakan ɗaga kai in ƙirga hawa tara. Tawul ɗin wasu ne a baranda.

Na baro garin a ƙarshen Yuni, a jirgin safe daga Sidi Gabir. Ammu ya zo har tasha da ledar burodi, ya rungume ni ya ce in gaishe da Hajiya. Da na iso gida aka gama gaishe-gaishe, yara suka kewaye akwatin tsaraba, na zaro makulli na zura a kwadon nan. Ya shiga da ƙyar, ya ƙi juyawa. Tsatsa ta cinye cikinsa. Inna tana zaune a kan tabarma tana kallo, ta ce wa ƙanena ya je ya ɗauko guduma.